Kafin ki miƙa wa yaro bokitin shara

Kusan kowane gida a Kano akwai wani lungu da ba a so baƙo ya leƙa. Wani gidan sito ne, wani ƙarƙashin bene, wani saman wadrob, wani kuma can bayan ɗaki kusa da tankin ruwa. Nan ake jibge fankar da ta ƙone, risho mai tsatsa, filas ɗin da murfinsa ya ɓata, katifar da sosonta ya mutu, takalman yara wari-wari, cajar waya kala-kala, fitilun caji da suka daina kawo wuta, tsohon batirin sola, ragowar magungunan da aka sha rabi aka bari. Ana ajiyewa ne da sunan wata rana zai yi amfani, har sai azumi ya matso ko biki ya taso ko za a tashi daga gidan haya, sai a tashi da zafi rana ɗaya a kwashe komai a haɗa da sharar kicin a kira yaro a ba shi ɗan canji a ce maza je ka zubar. Toh akan wannan ranar nake so mu yi magana 'yan uwa, musamman mu mata tunda yawanci ta hannunmu kayan ke fita, amma iyayen gida maza ku ma kar ku wuce, akwai naku a ciki.

Abinda nake so ya zauna mana a rai shi ne, duk abinda ya fita daga ƙofar gidanki hannun mutum zai faɗa. Ba inji ke tsince sharar garin nan ba. Almajirin da ya ɗauki bokitin, mai kurar da ke bi gida-gida, ɗan bola jari da ke tona juji da ɗan ƙarfensa wani ma da hannu haka ba safa ba takalmin kirki, ma'aikatan hukumar kwashe shara ta REMASAB da ke loda wa mota, sannan awaki da tumakin unguwa da ke kiwo a kan bolar, sai manomin da za a kai wa sharar gona. Duk waɗannan suna karɓar abinda muka zubar yadda muka zubar da shi. In kin cusa fasasshen kofin gilas cikin ledar ragowar shinkafa, wallahi akwai wanda zai soka hannu a ciki.

Kuma abin da ke ba ni mamaki, mu ba baƙi ba ne a wannan harkar, iyayenmu sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. A gidan da, da wuya ki ga abinda ake kira shara na gaskiya. Tuwo ya kwana a ɗumama, in ya ƙi a shanya ƙanzo, a jiƙa a yi kwaɗo ko a ba dabbobi. Dusa da ƙasari na awaki ne. Toka ta wanke-wanke ce. Ƙwarya ta fashe a kira gyartai ya ɗinke. Zani ya tsufa ya koma goyo, daga goyo ya koma tsumman goge-goge ko gammo. Gwangwanin madara ya zama ma'auni ko a fasa murfin a saka lagwani ya zama aci-bal-bal. Tsohon tif ɗin mota ya zama guga, taya ta zama takalmi da igiyar ɗaure kaya. Ganga kuwa ba a magana, murhu, kaskon suya, akwati, har ƙyauren ƙofa. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya san abin da nake faɗa, za ka ga tarkacen da wani ya yar ya koma injin markaɗe ko tukunya ko baro a gaban idonka.

Ko sharar tsakar gida ma kuɗi ce a da. Manoman kewayen birni, su Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu, da rani suke shigowa da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki, kashin awaki da toka da sharar gida. Da wannan takin ne gonakin da ke zagaye da Kano suka daɗe ana noma su duk shekara ba hutu kuma ba su mutu ba. Har yanzu ana kai shara gona, a tifa ma, amma je ki ga gonar bayan an watsa, leda ce baƙa da fara ta rufe ko'ina, ga famfas, ga fasassun kwalabe, ga batura, manomi sai ya bi yana tsincewa ko ya cinna wuta. Kenan tsarin bai mutu ba, kawai dai wasu sababbin kaya ne suka shigo gidajenmu waɗanda ƙasa ba ta cinsu, akuya ba ta narkar da su, mu kuma muka ci gaba da zubarwa kaman yadda ake zubar da toka.

Shi ya sa ni a ganina aikin ba a bola yake farawa ba, a tsakar gida yake. Ranar da za ki yi wannan kwashe-kwashen, kar ki fara da kiran yaro. Shimfiɗa tabarma ki fito da komai ki zauna ki ware.

Fara da abin da har yanzu yana da rai, wanda wani zai iya amfani da shi gobe da safe. Kayan sawa da suka yi wa yara kaɗan, atamfar da kika daina ɗaurawa, kwanuka, labule, kujera, littattafan makaranta, yunifom. Waɗannan ba na bola ba ne ko kaɗan. Amma don Allah a ba da su tun suna da kyau. Wannan ɗabi'ar ta riƙe kaya shekara da shekaru a cikin Ghana-must-go har gara da ɓera su gama da su sannan a ce za a yi sadaka, ba ta dace ba. Allah ya faɗa mana a Suratul Baƙara aya ta 267 kar mu nufi mummunan abu mu ce shi za mu bayar alhali mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. A wanke, a goge, a ninke, maɓallin da ya cire a mayar, sannan a bayar cikin sirri da mutunci, ba a tara yaran maƙota a tsakar gida ana watsa musu suna wawaso ba. Kuma ki duba na kusa tukuna, mai aikinki, mai kawo miki ruwa, 'yar uwar da kika san tana haɗa kayan ɗakin 'yarta da ƙyar, makarantar allo ta layinku musamman lokacin sanyi, gidan marayu. Bargo ɗaya da rigar sanyi a watan hunturu ba ƙaramin abu ba ne wajen yaron da ke kwana a soro.

Wata magana a nan da ake yawan sakaci da ita, kayan mamaci. Mutum ya rasu, cikin jimami sai wata ta tashi ta kwashe tufafinsa da agogo da waya ta rabar wai sadaka. Kayan nan gado ne, na magada ne, ko da hula ɗaya ce, in akwai marayu ƙanana a ciki ma abin ya fi nauyi. A bari a raba ko a nemi yardar masu haƙƙi, in an rasa yadda za a yi a tambayi malami.

Wanda kuma kike son kuɗinsa, ba abin kunya ba ne ki sayar. Dillaliya tana nan tun kaka da kakanni, ta shigo ta ɗauki langa ko gado ko keken ɗinki ta zaga gidaje ta kawo miki kuɗinki ta cire la'adarta. Yanzu ma ga status na WhatsApp da guruf-guruf na Facebook da ake saida kayan hannu. Sharaɗi ɗaya ne, a faɗi aibin kaya. In firjin sai an bubbuga yake tashi ki faɗa, in gas ɗinsa na zuba ki faɗa. Kuma kafin ki yanke wa abu hukuncin mutuwa ki kai wa mai gyara, fanka sau da yawa kafasito ne kawai ko a sake naɗa koyil, blenda wani ɗan roba ne ya cinye, kujera kafinta zai sake mata yadi ta dawo sabuwa, katifa masu soso za su saya su yi filo da kushin. Yadda kaya suka yi tsada yanzu ai gyara ya fi sayen sabo sauƙi.

Waya kuwa sai an yi hattara. Kafin ki kai tsohuwar waya kasuwar waya ta Farm Centre ko ki ba ƙanwarki ko ki jefa wa ɗan gwangwan, cire layi, cire memori, fita daga imel ɗinki da manhajar banki, sannan ki goge komai ki mayar da ita kaman yadda ta fito daga kamfani. Layin nan an haɗa shi da NIN ɗinki da asusun bankinki, kuma hotunan mata nawa ne suka fita duniya ta hanyar wayar da aka sayar ba a goge ba. In wayar ta mutu ba ta kunnuwa balle a goge, a cire memorin dai ko ta halin ƙaƙa. Haka takardu, tsohon katin ATM a yanka shi da almakashi ta kan ɗan ƙarfen nan, fotokwafin katin shaida da takardun banki da na asibiti a yayyaga ko a ƙona, kar gobe ki ga an ƙunso miki ƙosai a cikin sakamakon gwajin wani.

Tunda na ambaci takarda, duk wadda ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, tsofaffin littattafan Islamiyya da shafukan da suka zazzago, kalandar da ke da ayoyi, katin ɗaurin aure mai Bismillah a sama, ba a haɗa su da shara. A tara su daban a ƙona a wuri mai tsarki ko a binne inda ba a takawa. Wannan kowa ya sani, sai dai in ana sauri ake mantawa.

Sai kason 'yan gwangwan da 'yan bola jari, kuma a nan zan ɗan daɗe don ina ganin ba ma yi wa mutanen nan adalci. Ƙarfe, alminiyam, jar waya, tagulla, fasassun bokitai da kujerun roba, tsofaffin silifas, kwali, gorunan ruwa da na lemo, gwangwanin maltina, duk suna da kasuwa. Yaron da ke yawo da buhu ko kura yana kai wa mai sikeli ne a unguwa, mai sikeli ya tara ya sayar wa babban dila, roba a ware ta kala-kala a wanke a niƙa a kai kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata ta dawo mana a buta da bokiti da baho da takalmi, ƙarfe a loda a tirela a kai inda ake narkawa ya dawo rodin gini, alminiyam kuma maƙera su narka su zuba tukunya da ludayi. Mutum nawa ke ci a wannan layin, Allah kaɗai ya sani. Ba don su ba da tuni bola ta fi haka yawa a garin nan, kuma ba wanda ke biyansu albashi.

Na san me za a ce, ai ɓarayi ne. Ba zan musa ba akwai ɓata-gari a ciki, an sha cire murfin kwalbati da wayar wuta da kan famfo da tukunyar da aka bari a waje, kuma wannan ne ya sa hukumar Abuja ta hana su yawo a cikin birni, a Borno ma Gwamna Zulum ya hana sana'ar tono ƙarafa a 2023 bayan an yi ta kashe masu shiga daji neman ƙarfe. Duk wannan gaskiya ne. Amma mafi yawansu yara ne da magidanta masu neman halak, kuma maganin ɓata-garin ba shi ne a wulaƙanta kowa ba. Abinda ya fi, ki san mutum ɗaya, wanda aka san shi a unguwa aka san wurin da yake kai kaya, maigida ko babban ɗanki ya karɓi lambarsa, in kaya sun taru a kira shi ya tsaya a ƙofar gida a fito masa da su a auna a gabanku. Ba sai ya shigo ciki ba. Shi ya huta da tonon juji, ku kun samu na cefane ko a musanya muku da sabuwar roba, kayan kuma sun isa wurinsa da tsabta ba a cakuɗe da miya da famfas ba, wanda hakan ma yana ƙara musu daraja a sikeli. Buhu ɗaya kawai za ki rataye a bayan kicin, duk gora da gwangwani da fasasshiyar roba a jefa ciki. Shikenan fa, ba wani aiki ba ne.

Gorunan ruwa masu kyau kuma ga masu zoɓo da kunun aya da fura suna nema ido rufe. A ba su, amma wadda aka san ruwa ko lemo ne kawai ya taɓa zama a ciki. In kin taɓa zuba kalanzir ko fetur ko hypo ko maganin sauro a gora, huda ta kafin ta fita daga gidanki. Kuma ma dai a daina zuba irin waɗannan a gorar lemo, yara nawa aka kwasa zuwa asibiti saboda sun ɗaga gorar kalanzir sun kafa kai suna zaton ruwa ne.

Wannan ya kawo ni kan kason da ya fi damuna, kayan da ke cutarwa. Su ne ba su da yawa a ido amma su ne masu kisa.

Batiri tukuna. Yanzu da rashin wuta ya sa gidaje da yawa suka koma sola da inbata, ga na mota ga na babur ga na adaidaita, tsofaffin batura sun cika gari, kuma yawancinsu dalma ce a ciki da ruwan asid. Dalma ba abin wasa ba ce, mu a arewa mun gani da idonmu, a 2010 a Zamfara, yankunan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Can daga dutse ta fito, amma ita ce dai dalmar da ke cikin batirin da ke jingine a soronku yara na hawa suna wasa a kai. Kar a fasa shi a gida, kar a tsiyaye ruwansa a kwata ko a tsakar gida, kar a bari yara su ɓalle kan su narka. A ajiye shi a tsaye inda ruwa ba ya taɓawa, in za a sayi sabo a tafi da tsohon wurin mai saida batirin, yawanci suna karɓa su rage maka kuɗi. Kuma ina roƙon masu wannan sana'ar su ji tsoron Allah su daina fasa batura a cikin unguwa kusa da rijiyoyin mutane. Haka maƙeran tukwane, a kula da abin da ake jefawa a narka, an yi bincike a Kamaru an samu dalma na fita daga tukwanen da aka zuba da tarkacen alminiyam da aka cakuɗa da kayan inji, kuma irin tukwanen nan ne a kan murhunmu.

Ƙananan batura na waya da fawa bank da fitilar caji su kuma matsalarsu wuta ce. In kin ga batirin waya ya kumbura kar ki soka masa komai, kar ki jefa a sharar da za a cinna wa wuta, fashewa yake yi. A tara su a gwangwani daban a kai wa masu gyaran waya ko a miƙa wa ɗan gwangwan hannu da hannu a gaya masa ga abin da ke ciki. Gwangwanin feshin maganin sauro da na turare ma haka, ko ya ƙare ba a jefa shi wuta. Dogon ƙwan fitila da wannan mai murɗaɗɗen gilashi da ake cewa mai tattalin wuta akwai sinadarin makyuri mai guba a ciki, kar a ba yara su fasa suna jin ƙara, a naɗe a kwali. Tukunyar gas da ta yi tsatsa ko take yoyo, iyayen gida wannan naku ne, kar a ba mai walda ya like, kar a sayar wa wani a matsayin mai lafiya, a kai wa masu gas a gaya musu ta lalace.

Sai kwalaben maganin ƙwari da na feshin gona, su fiya-fiya da Sniper da maganin ciyawa. Wallahi hankalina na tashi in na ga jarkar maganin feshi an wanke ta an zuba man gyaɗa ko ruwan sha, a ƙauye abin ya zama ruwan dare saboda jarkokin suna da ƙwari da murfi mai kyau. Wanki ba ya fitar da gubar nan daga jikin roba. Abin da malaman gona ke koyarwa shi ne a ɗauraye sau uku a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshin, sannan a huda jarkar yadda ba mai iya sake zuba komai. Ba a wanke ta a bakin rijiya ko a rafi.

Magani kuma, kowane gida akwai wannan ledar ko gwangwanin da ake tara ragowa. Duba kwanan wata, wanda ya wuce lokacinsa ko ya canza kala ko sirop ɗin da aka buɗe tun bara, ba na ajiya ba ne kuma ba na kyauta ba ne, kar ki ce maƙociya ɗanta na tari bari in ba ta. In akwai famasi na kirki kusa a tambaye su ko suna karɓa. In babu, a ɓare ƙwayoyin daga sacet a cakuɗa da toka ko ƙasa mai danshi a ƙulle a leda yadda yaro ba zai tsinta ya zata alawa ba ce, kwalin kuma a yaga shi, kwalbar a kankare takardar. Dalili, akwai marasa tsoron Allah da ke bin kwalaye da kwalabe masu kyau na magani da turare da man shafawa su cika da jabu su mayar kasuwa. Allura da sirinji, musamman gidan da ke da mai ciwon suga, da reza da tsinken gwajin jini, a samu gora mai kauri a dinga jefawa ciki, in ta kusa cika a murɗe murfin a naɗe da salatif. Fasasshen gilas da faranti a naɗe a kwali ko tsumma mai kauri, kuma a buɗe baki a gaya wa yaron da zai ɗauka, "ɗan nan a kula akwai kwalba a ciki." Kalma ɗaya ce amma za ta iya hana shi yanka da zai kai shi ga tetanus.

Famfas da audugar mata a ƙulle su a leda daban, kar a jefa a masai mai ruwa su toshe bututu, kar a wulla ta katanga zuwa kangon maƙota. Kango ba bola ba ne, filin wani ne.

Leda kuwa ita ce ta fi ƙarfinmu, gaskiya. Ledar fiya wata da baƙar ledar cefane. Mahauta za su gaya miki abin da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki, dunƙulen leda, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Ita ce ke toshe lambatu da kwalbati, damina na zuwa ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane ya kwanta sauro ya samu gida. Wasu ƙasashen sun hana ta, Ruwanda tun 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi dokarta a 2014 duk da ledar ba ta ɓace daga kasuwa ba, Legas kuma ta hana robar tekawe ta soso a 2024. Mu kafin a kai nan, abin da ke hannunmu shi ne a rage karɓa, ki tafi kasuwa da jakarki ko kwando, a aiki yaro sayen koko ko waina da kwano kaman yadda ake yi da, ba a zuba abu mai zafi a leda ba. Ledar fiya wata a tara a buhu, akwai masu saye a kilo a wurare da dama. Kuma don Allah a daina hura gawayi da leda, hayaƙin nan ke da jaririn da ke bayanki kuke shaƙa kullum, ga tsinke ga kwali ga ɓawon rake busasshe. Haka masu ƙona waya don su ciro jan ƙarfe da masu ƙona taya a cikin unguwa, masu asma da tsofaffi ne ke kwana ba barci.

In kin gama duk wannan warewar za ki ga abin da ya rage na zubarwa ɗan kaɗan ne. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci ga masu kiwo a kowane layi, wasu har bokiti za su kawo miki su ajiye. Sauran kuma a tabbatar ina za a kai shi. Wannan shi ne inda da yawanmu ke kau da kai, a ba yaro kuɗi kaɗan alhali an san wurin zubar da shara na hukuma da nisa, an kuma san ba zai kai can ba, kwana zai sha ya juye a kwata ko bayan katangar makaranta. Annabi (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, toh ina ga wanda ya biya aka zuba. A tambayi yaron ina yake kaiwa, a biya shi daidai nisan wurin, in da hali gidajen layi su haɗa kuɗi su ɗauki mai kura ɗaya tsayayye da aka san inda yake juyewa. Kuma masu jiran hadari ya haɗo su fito da shara su zuba a lambatu wai ruwa ya tafi da ita, ruwan ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar gidan na ƙasa da ku.

Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, lokaci ne mai kyau na wannan aikin tunda kowa na gida, maza su yashe kwatar ƙofar gida su kuma kwashe abin da suka yaso kar a bar shi a gefe ya bushe ya koma ciki, mata da yara a fito da kayan sito a ware. In ana yin haka duk wata ba za a tara abin da zai gagara ba, kuma ɗan gwangwan ɗinku zai san ranar da zai dinga zuwa da sikelinsa.